Laba Ɗari da Ashirin

Dillalin motocin ya buɗe ƙofar ƙaramar a-kori-kurar, ya ɗora yatsa kan wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙarfen.

"Nan za ki duba, Madam, ki rabu da surutun talla. Ja kam injin zai ja tirelarku. Amma bayan motar fa? Tirela na danna shi, ga gas, ga kaya, ga ku kanku. In nauyin ya wuce wannan lambar, a gangaren dutse birki cewa zai yi bai san ku ba."

Marlys ta gyaɗa kai. Tirelar gadon mahaifinta ce, ɗaki da kicin da banɗaki a kan taya huɗu. Shekara shida tana ajiye a bayan gida, ana jiran mijinta Duane ya yi ritaya su zaga ƙasa. Yanzu saura wata ɗaya. Har sababbin labule ta ɗinka.

"Kar ka wahalar da bakinka," in ji Duane. "Na yi lissafina tun a gida. Ƙaramar ta isa, har da rarar laba hamsin."

"Ji shi, sarkin lissafi!" in ji Marlys. "Mutumin da bai san inda cokali yake a gidansa ba."

Duane ya yi dariya, ya ajiye littafin lissafinsa a kan motar, ya shiga ofis ɗebo musu kofi. Dillalin ya ce ko zai ga lissafin, sai Marlys ta buɗe masa.

Rubutun Duane ne, tsaf-tsaf. Nauyin tirela. Tukunyar gas. Kujeru biyu. Kare, laba sittin. Ni, ɗari biyu da goma. Fasinja, ɗari da ashirin.

Ta sake karantawa. Ita laba ɗari da tamanin da biyar ce, kuma ya sani sarai, don shi ke tsaye kusa da ma'aunin asibiti duk bayan wata uku yana tsokanarta. Wanda ya auna kare da kujeru ba zai yi kuskure a kan matar da suka shekara talatin da takwas tare ba.

Duk garin mace ɗaya ce ke yawo da wannan lambar a baki: Charlene, mai kaɗa fiyano a cocinsu, wadda mijinta ya rasu bara. Kowace walima sai ta ture faranti ta ce, "Ni fa tun ranar aurena ɗari da ashirin nake." Tun bazara Duane ke gyara mata baranda, barandar da ta ƙi ƙarewa.

Zuciyarta ta yi ɗaci. Abin da ya fi ci mata rai shi ne a teburin kicin ɗinta ya zauna, yana cin girkinta, ya cire ta daga tirelar ubanta da fensir.

Dillalin ya dubi takardar, ya saci kallonta, ya sosa ƙeya.

"Madam... ko mu duba babbar? In da ke za a yi tafiyar, wannan ta yi kaɗan."

Duane ya dawo da kofi biyu yana fito. Marlys ta zare biro daga aljihun dillalin, ta soke ɗari biyu da goma, ta soke ɗari da ashirin, ta rubuta ɗari da tamanin da biyar. Ta miƙa wa mijin littafin a buɗe. Fiton ya tsaya.

"A'a, ƙaramar ta isa," ta ce da dillalin. "Zo ka nuna min yadda ake ɗaura tirelar. Ni kaɗai zan riƙa yi."