Wainar Iyatu a Motar Albasa

Iyatu ta yi shekaru tana suyar waina a bakin layinsu a Agege ta Legas, kuma kowa ya san ba ta ba da gyara. Mutum ɗaya ce ke cin wainarta kyauta, Mufida, 'yar maƙwabciyarta Kalsum, yarinya mai baki kamar aku, wadda ke zama kusa da tanda tana ci tana cewa gishiri ya yi yawa.

Ana tsakiyar kullen korona aka kwantar da Mufida a asibiti, sankarar jini ta taso mata. Uwar kaɗai aka bari ta zauna da ita. Uban kuwa, Yahuza, direban danfo ne, motarsa ta haya tana ajiye tun da aka hana zirga-zirga. Wata safiya Kalsum ta kira Iyatu tana kuka, ta ce magani ya kashe wa yarinyar baki, ta ƙi cin komai, wai sai wainar Iyatu.

"Ashe ta manta da gishirin," in ji Iyatu, tana share ido da bakin mayafi.

Ta soya waina ta cika kula, saura maganar hanya. Motocin abinci kawai ake bari su wuce, don haka ta tare Khamisu, mai raba albasa daga kasuwar Mile 12. Ya ce gaba babu wuri, sai dai baya. Haka tsohuwa ta haye kan buhuna, takunkumi a fuska, kula a cinya. A shingen farko wani ɗan sanda ya leƙo, ya tambaye ta da Yarabanci ko ita ma albasa ce. Ta mayar masa da Yarabancin da ya fi nasa, ta ce ƙwarai, tsohuwar albasa ce, irin mai sa mutum kuka. Ya yi dariya har takunkuminsa ya zame, ya ɗaga musu hannu.

A ƙofar asibiti ba a bar ta ta shiga ba. Wata nas ce ta karɓi kular, ta tabbatar wainar na da zafinta, ta wuce ciki. Da yamma Kalsum ta kira ta ce Mufida ta ci, sauran kuma yaran ɗakin sun wawashe, iyayensu mata suna tambaya ko gobe ma akwai. Yawancinsu daga nesa suka zo, ba su da mai kawo musu ko ruwan zafi.

Iyatu ta yi ta mita, ta ce ita ba gwamnati ba ce. Tana mitar tana jiƙa shinkafa cikin babbar roba. Da matan layi suka ji, Mastura ta ɗauki miyar taushe, Amatullahi ta ce kunun gyaɗa nata ne. Yahuza da zaman gida ya ishe shi ya koma mai wanke kuloli, yana yi yana roƙon kada labari ya kai tasha.

Da aka sassauta kulle aka sallami Mufida, kanta tas babu gashi, da sharaɗin ta riƙa komawa karɓar magani. Kuloli ba su daina tafiya ba, sai dai yanzu a danfon Yahuza. Ranar da aka fara barin baƙi su shiga, Iyatu ta raka su. Yaran ɗakin suka zuba mata ido, wani ɗan ƙarami mai ƙarin ruwa a hannu ya ce, "Mama, ke ce 'yar aikin Mufida? Haka ta faɗa mana."

Kalsum ta rasa inda za ta sa kanta, Mufida ta ɓuya a bayanta.

"Ni ce," Iyatu ta ce, tana buɗe kula. "Oga ce mai tsanani. Ku matso ku ci kafin ta kore ni."