Ruwan da Ya Koma Sara

Ranar da labari ya iske Zahara'u, tana daka gero ne. Munzali, maƙwabcinsu, ya yi sallama daga zaure ya ce, "Inna, sai haƙuri. Malam Dabo ya faɗi a kan dutse. Har an yi masa sutura a Sara."

Ta ajiye taɓarya. Ba ta ko ga fuskar mijinta ba.

Dutsen nan shi ya raba ruwa biyu. In an yi ruwan sama, rabi ya gangaro ta kwazazzabo ya zama rafin da ke bayan gidansu a Yalwan Damai, rabi ya sauka ɗaya gefen, wajen Sara. A can ƙoli akwai wata 'yar tsaga da ruwan Yalwan Damai ke bi, wadda ƙasa ke toshewa duk rani. Shekara talatin Dabo yana hawa da fartanya kafin ruwan fari ya buɗe ta. Bana ma abin da ya kai shi ke nan. Makiyayan da suka tsince shi suka ga gangaren Sara ya fi sauƙi, ga rana ta yi zafi, ga kuma ƙanwarsa Zuwaira tana aure a can, sai suka sauka da shi can.

Damina ta zo, babu wanda ya san bakin tsagar. Rafinsu ya ɗan yi gudu kwana uku ya tsaya.

Bayan Zahara'u ta fita takaba, Zuwaira ta zo da kwandon albasa.

"Yaya, ga na lambunmu. Bana kam fadama ta sha ruwa, kamar albarkar marigayi ce."

Zahara'u ta dubi albasar, manya-manya, har da laka a jikinsu.

"Kun samu kabari, kun samu ruwa. Ni me aka bar mini, Zuwaira? Fartanyar ma ba a dawo da ita ba."

"Haba Yaya, ni na ce wa ruwa ya biyo ta wajenmu?"

"Ba ki ce ba. Amma ba ki kore shi ba."

Ta rabar da albasar a maƙwabta, ko ɗaya ba ta shiga tukunyarta ba. Ta roƙi Munzali ya hau ya nemo tsagar. Ya hau sau biyu, ya dawo ya ce duwatsun duk iri ɗaya ne.

Har yau, kullum da safe bayan salla, sai ta zagaya bayan gida, ta durƙusa a tsakiyar rafin, ta tura hannu cikin yashi har gwiwar hannu, ta ji ko akwai danshi.