Rakiyar Gwaggo Nana

Mas'udu ya zo 'Yargoje taron suna, ga jaririn har ya fara rarrafe shi bai tafi ba. Kullum yana kan tabarmar gwaggonsa Nana, yana shan furarta yana bayanin yadda Turawa suka ci ƙasar Hausa.

"Gwaggo, da muna da bindigogi irin nasu..."

"Bindigar me?" in ji ta. "Da ni ce, ruwa zan ba su, in yafa mayafi in ce bari in taka muku. Wane baƙo za a tashi raka shi ya ci gaba da zama? Mu kai su Faskari, mutanen Faskari su miƙa su Sabuwa, har bakin teku, suna godiya."

Mas'udu ya yi dariya har ya ƙware. "Runduna guda, Gwaggo?"

Ta miƙe ta yafa mayafinta, ta juya takalmansa suka kalli ƙofa.

"Bari in taka maka."

Sai ganin kansa ya yi a tashar Ƙanƙara da jaka a hannu, yana yi mata godiya.