Bindigar Arlen Ta Maƙale a Minnesota

Ranar da mijina Arlen ya harbe firji, ina waje ina shanya kaya. Na ji ƙara, na shigo a guje, na tarar da shi zaune a teburin kicin riƙe da ƙaramar bindigar da ya gada wurin mahaifinsa, tsumman goge ta a ɗaya hannun, madara kuwa tana malala daga ƙasan firji. Harsashin ya huda ƙofa, ya ratsa galan ɗin madara, ya tsaya a cinyar talotalon da na ajiye don Lahadi.

"Ai babu harsashi a ciki," in ji shi.

"To me ya kashe firjin? Hawan jini?"

Ya ci gaba da goge bindigarsa. Shekarunsa sun ja, idonsa ya fara gajiya, amma gara ka ce masa gonar masararsa ta ƙone da ka ce masa ya tsufa.

Da yamma na ba 'yarmu Karin labari a waya, ina dariya har da hawaye. Ita ba ta yi dariya ba. Ba ta daɗe da haihuwa ba a birnin Des Moines, ta samu 'ya mace, Signe, jikarmu ta fari, wadda ban taɓa gani ba sai a fuskar waya, kuma mun shirya za a yi mata baftisma a cocinmu bayan girbi.

"Mama, muddin bindigar nan tana gidan, ba zan kawo Signe ba. Sai a yi baftismar a nan."

Karin ta kwaso taurin kan ubanta kaf, ba ta rage wa kowa ba. Na ajiye wayar. Na daɗe ina jiran jika, ga shi wani tsohon ƙarfe zai hana ni ɗaukarta a ɗakina.

Na ce wa Arlen ya sayar. Ya ce ba a sayar da uba. Na ce ya kai wa 'yan sanda. Ya kalle ni kamar na zage shi a gaban fasto. Sai da na yi mako ina dafa masa wake safe da yamma kafin ya sauko, ya ce to, zai ba ƙanensa Merle, don ta zauna cikin dangi.

Gidanmu yana kudu da titin tsakuwa, wato jihar Iowa ta Amurka. Gidan Merle yana arewa da titin, wato jihar Minnesota. Daga tagata ina ganin abin da yake soyawa. Arlen ya naɗe bindigar a tawul ɗina mai kyau, ya nufi titi, ni kuma ina biye don in tabbata ta tafi. Merle ya fito da gudu yana ɗaga hannuwa.

"Yaya, tsaya nan! Kada ka tsallako da ita!"

"Kai, lafiyarka?"

"Na tambayi Lyle mai shagon bindigogi. Ba a miƙa wa mutumin wata jiha ƙaramar bindiga hannu da hannu, ko ɗan'uwanka ne. Sai ta bi ta wurin dillali mai lasisi a jihar mai karɓa."

"Wace wata jiha? Jiya ka zo ka ari tsanina!"

"Tsani daban," in ji Merle, fuskarsa cike da annuri.

Annurin nan ya kamata ya ankarar da ni. Merle mutum ne mai kyanwoyi da waƙar coci, ko an fasa balan-balan sai ya nemi kujera. Amma mutanenmu ba su iya cewa a'a ba. In ka ba ɗayanmu abin da ya tsana, zai ce kai, an gode, abin ya yi kyau, ya je gida ya kwana da baƙin ciki.

Washegari muka tafi shagon Lyle Hovland a ɓangaren Minnesota, inda ake sayar da ƙugiyar kifi da tsutsar tarko da bindigogi, kofi kuma kyauta. Lyle ya karɓi bindigar, ya duba cikinta sau biyu saboda labarin firji ya riga mu isa, ya kulle ta a akwatin ƙarfe. Ya ce saura Merle ya nemo takardar izinin sayen ƙaramar bindiga daga 'yan sandan gundumarsa, a bincike shi, sannan ya zo ya ɗauka.

"Saye? Kyauta na ba shi!" in ji Arlen.

"Duk ɗaya ne a wurina. Da gado ne, hanyarsa ta fi sauƙi."

"Wato sai na mutu ƙanena zai karɓi bindigar ubansa ba wahala?"

Na ce ni duk hanyar da aka zaɓa ta yi mini, in dai za a gama kafin girbi. Lyle ya shaƙe da kofi.

Merle ya je ginin gunduma, gaskiya ya je, ni na gan shi ya fita da sabuwar riga. Ya isa ƙofar ofishin 'yan sanda, ƙafafunsa suka ƙi, ya juya zuwa wani ofishin. Da matar wurin ta tambaye shi me yake so, kunya ta hana shi fita hannu banza, ya yanki lasisin kamun kifi. Zuwa na biyu ya sabunta takardun motarsa da ba su ƙare ba. Duk lokacin da Arlen ya ɗaga murya daga wannan gefen titi ya ce yaya maganar izini, sai Merle ya ce, "Ana kai, Yaya, ka san aikin hukuma."

Da Arlen ya gano Merle gudun bindigar yake yi, ya ɗauki hularsa ya ce in tashi mu je ya karɓo kayansa. Na bi shi. A mota ina ta tunanin gadon jariri da na riga na aro na shimfiɗa.

"Ba ni bindigata," ya ce wa Lyle.

Lyle ya sosa ƙeya. "Arlen, ka nuna mini izinin Minnesota."

"Ni mutumin Iowa ne!"

"To ka ga matsalar."

"Da hannuna na kawo ta!"

"Ka kawo ta ka ce ta Merle ce. Wataƙila lauya ya ce ba komai, amma ni ƙaramar bindiga ba ta fita ta ƙofar nan sai na ga izini. Lasisin nan shi ne abincina."

Arlen ya zagi Minnesota, ya zagi Iowa, ya haɗa da gwamnatin tarayya da wanda ya fara shata iyakar. Ni kuwa na sayi tsutsa gwangwani guda saboda farin ciki, ko kamun kifi ba na yi.

Daga nan ya mai da Asabar ranar ziyara. Ya je shagon, Lyle ya fito da bindigar ya ɗora a kan kanta, Arlen ya goge ta yana ba masu sayen ƙugiya labarin zaluncin da aka yi masa, a mayar a kulle. Ban taɓa ganin wanda aka zalunta yana ƙiba haka ba.

Karin ta sa na rantse sau biyu a waya cewa bindigar ba ta gidan, sannan ta kawo Signe. Da na karɓe ta a bakin ƙofa kuka na yi, ban ɓoye ba. Bayan baftisma aka sauka ɗakin taron coci cin abinci, dankali da nama da kek iri-iri. Arlen ya karɓi jaririyar ya ƙi ba kowa, yana faɗa wa fasto yadda jihohi biyu suka haɗa baki suka ƙwace masa gadon ubansa.

Sai ga Lyle da farantinsa, mutumin kirki mara dabara.

"Arlen, na samo maka mafita. Zan aika ta wurin wani dillali a Iowa, ka je can a duba sunanka, ka dawo gida da abarka. Cikin makon nan ma."

Cokali ya tsaya a hannuna. Karin ta ajiye kofinta, ta miƙe, ta nufo 'yarta. Merle ya shige bayan fasto. Na so in jefi Lyle da kwanon dankali, Allah ya sani.

Arlen bai ɗago ba. Signe ta kama masa babban yatsa tana ƙoƙarin kai shi baki.

"Na san da wannan hanyar tun ranar farko, Lyle," ya ce a hankali. "Ka bar ta inda take. Kuma ka rage murya, yarinya za ta yi barci."