Dambun Hajiya Nafisat

Tudun Ila ɗan ƙauye ne a bayan Katabu, amma kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka. Kowane gida da rumbun masara, da rijiyar burtsatse, da sola a kan rufi. Yaran garin kuwa ba su da gida ɗaya: inda azahar ta riske su nan za a zuba musu abinci, nan kuma za a ja musu kunne.

Nan Hajiya Nafisat da mijinta Alhaji Kabir suka taro daga Unguwar Sarki bayan sun yi ritaya. Ranar da suka sauka, kwano goma sha ɗaya aka aiko musu. A al'adar garin kuma, kwano ba ya komawa gidansu wayam.

To, nan fa ake yin ta! Nafisat ta yi shekara talatin da biyar a ofis, takarda ba ta taɓa kwana a teburinta ba, amma ko ruwan zafi ta ɗora sai an haɗa da addu'a. Alhaji ne mai hannu, don shi ne shugaban masu girki a wani masaukin baƙi har ya ajiye aiki. A birni wa ya damu? Kowa da katangarsa. Sai ya sa sakata, ya naɗe hannun riga, ya turara dambun masara da zogale, aka cika kwanukan aka mayar.

Kafin la'asar gari ya ɗauka. Mata suka yi ta sallama: "Hajiya, wannan hannu naki Allah ya tsare shi daga baki!" Ita kuwa baiwar Allah, maimakon ta faɗi gaskiya, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Kai, ɗan abin da aka iya ne." Yabon ya yi mata daɗi ƙwarai, don tunda take ba a taɓa yabonta a kan tukunya ba.

Wata uku ana haka, sai maƙwabciyarsu Na'ima ta haihu. Ranar suna a Tudun Ila mata ke taruwa su yi girki a tsakar gida, kowacce da abin da aka san ta da shi. Iya Indo, tsohuwar da ke raba aiki, ta aiko cewa dambu na Hajiya ne. Mudu ashirin.

"Alhaji, na shiga uku," in ji Nafisat. "In asirina ya tonu, da wane ido zan kalli matan nan?"

"Ki ce ba ki da lafiya."

"Su cika mana gida da dubiya, kowacce da kwanonta?"

Dabarar da suka yanke ita ce ta soke waya a zani, ta sa iyafis, abin sauraren nan mai igiya, a kunne, mayafi ya rufe, shi kuma yana falonsu yana karanta mata ta waya.

Da farko abin ya tafi lafiya lau. "Yayyafa ruwa, kada ki kwara," in ji murya a kunnenta, ta yayyafa. Matan da suka ga bakinta yana motsi suka gyaɗa kai, wai ashe sirrin dambun zikiri ne. Sai da ta sunkuya kan madambaci igiyar iyafis ɗin ta maƙale a hannun tukunya, ta fizge. Garin lalubar waya a ruɗe, yatsanta ya faɗa kan maɓallin sifika.

"Hajiya!" Muryar Alhaji ta cika tsakar gida. "Na ce kada ki danne shi! Dambu ne, ba fayil ba!"

Mai daka ta tsaya cak da taɓarya a sama.

Iya Indo ta miƙa hannu ta karɓi wayar. "Alhaji, ashe kai ne? To alhamdu lillahi. Wata uku ina so in ce gishirin ya yi yawa, ina jin nauyin Hajiya."

Gida ya kece da dariya, har mai jego tana leƙowa ta taga. Nafisat ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Hawaye suka zubo mata.

"Iya, ban iya ba," ta ce. "Ina shekara bakwai mahaifiyata ta rasu, a makarantar kwana na girma. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya nuna mini."

Dariyar ta ɗauke. Iya Indo ta kashe wayar, ta jawo kujera 'yar tsuguno ta ajiye kusa da tata.

"Wanke hannu ki matso, 'yar nan. Tsaki da yatsu ake jin sa. Taɓa nan. Kin ji? Bai sha ruwa ba tukuna."

Dambun ranar dai ya ɗan caɓe, ba sai an ɓoye ba. Da aka kai wa maza a ƙofar gida, Alhaji Kabir ya kai loma ɗaya, ya daɗe yana taunawa. Sannan ya goge ido da bakin hula, ya miƙa faranti a ƙara masa.