Barcin Mutanen Ɓoye

Wayar ta sami Hallbera a garken tumaki, hannunta duk ciyawa. Teitur ne, mai duba littattafan mijinta Grimur a kamfanin ɗab'i da ke Reykjavik.

"Hallbera, akwai matsala a shafi na ɗari biyu da tara. Asla ta kwanta barci."

"To sai me? Gajiya ta yi."

"Haba Hallbera! Littafi shida Grimur ya rubuta, babu wanda bai ce mutanen ɓoye ba sa barci ba. Masu karatu za su cinye mu ɗanye. Ki yarda in goge layi uku, ba wanda zai sani. Kin san halin da yake ciki lokacin da ya rubuta shi."

Ta sani kuwa. Grimur ya ƙarar da rayuwarsa yana rubuta labaran mutanen ɓoye, waɗanda tsofaffin arewacin Iceland ke cewa suna zaune cikin duwatsu, dogaye kyawawa, suna kiwo kamar kowa, amma ba a ganinsu sai sun so. Asla, ɗaya daga cikinsu, ita ce tauraruwar labaransa. Littafi na bakwai ya kammala shi ne a shekarar da mantuwa ta fara kama shi, har ya fita da mota ya rasa hanyar gida. Shekara biyu ke nan yana gidan kula da tsofaffi a Akureyri.

"Kada ka taɓa komai tukuna," in ji ta, ta kashe wayar.

Abin da Teitur bai sani ba shi ne, shekara arba'in da ɗaya suka yi suna gardama a kan wannan magana. Kakar Hallbera ta hana yara ihu kusa da ƙaton dutsen bayan gida in an ci abincin rana, wai maƙwabta, wato mutanen ɓoye, na hutawa. Da ta gaya wa Grimur haka suna sabon aure, dariya ya yi har da buga cinya, shi ɗan birni.

"Wanda ba ya tsufa, me zai yi da barci?"

"Duk mai tatsar saniya da asuba sai ya kwanta. Kai dai ba ka taɓa tatsar komai ba, shi ya sa."

Haka suke yi a kan shayi, a cikin mota, har a gaban baƙi. Kowane littafi ya fito sai ya ajiye mata kwafi a kan tebur, a buɗe daidai shafin da ya ƙaryata ta. Yanzu ga shi ya kwantar da Asla a kan fatar tunkiya, har ya rufa mata bargo. Shi ne ya yi, ko cutar ce ta yi? Ta kasa cin abinci saboda tambayar. Washegari Talata ce, ba Alhamis ranar ziyararta ba, amma ta ƙulle busasshen kifi da man shanu a takarda, ta ɗauki hanyar awa biyu ta kan tsauni.

Ta tarar yana barci a kujera, kansa ya karkace, bakinsa a ɗan buɗe. Ylfa, mai jinyar da ke kula da shi, ta ce tun safe yake haka. Hallbera ta zauna da rigar sanyinta a jiki, tana kallon hannuwansa. Har yanzu akwai kanta a yatsan da yake riƙe alƙalami. Ta so ta kama hannun, ta fasa, don watan jiya da ta kama ya firgita.

Wajen ƙarfe biyu ya buɗe ido. Ya dube ta da fara'ar da ake yi wa baƙo.

"Sannu da zuwa. Daga jarida kike?"

Ta ɗora ƙullin kifin a cinya.

"Daga jarida nake. Tambaya ɗaya gare ni, malam marubuci. Mutanen ɓoye suna barci?"

Ya gyara zama, ya waiga ƙofa kamar mai shirin faɗin sirri.

"Suna yi mana. Har da minshari. Amma kada ki buga."

"To me ya sa ka ce ba sa yi, littafi shida?"

"Saboda matata." Ya yi 'yar dariya. "Ke ba ki san ta ba. Mace ce marar magana, sai ta yini ba ta ce uffan ba. Amma ki ce mata kakarta ta yi kuskure, ki ga ikon Allah! Kunnuwanta su yi ja, ta ajiye saƙa, ta yi ta zuba har shayi ya huce. Ni kuwa in zauna in sha kallo. In na yarda da ita, me zan ƙara tsokanarta da shi?"

Hallbera ta sunkuyar da kai tana murza takardar kifin.

"Amma a na ƙarshe ka kwantar da Asla."

"Na kwantar da ita. Na ga kaina ya fara yoyo, na ce gara in ba ta gaskiyarta tun ina sane. Ban dai sani ba ko ta karanta."

"Mafarki fa? Suna yi?"

"Wannan sai ki tambayi matata, ita ce gwanarsu." Fuskarsa ta canza. Ya dubi taga, inda dusar ƙanƙara ta fara sauka a kan motoci. "Ta daɗe ba ta zo ba. Ko fushi take yi da ni?"

Ran Alhamis ɗin da ta wuce ta yini a ɗakin nan, ita ta yanke masa farce.

"Ba ta fushi," in ji ta. "Na gan ta a waje tana ajiye mota. Bari in turo maka ita."

Ta fita da sauri. A bakin ƙofa ta tuɓe rigar sanyi, ta cire tabarau, ta kwance gashinta ya zubo kafaɗa yadda yake so. Ylfa ta tsaya da tiren magani tana kallonta, ta karɓi rigar ta riƙe mata. Hallbera ta goge ido, ta tura ƙofa da ƙarfi irin na masu gida.

"Kai tsohon nan, an ce kana ta ɓata mini suna a wurin 'yan jarida!"

Ya riga ya koma barci.

Ta zauna a gefensa har aka kawo miyar yamma, bai farka ba. Daga nan ta kira Teitur ta ce ko waƙafi kada a goge. Ya yi ƙorafi, ta ce masa marubucin da kansa ta tambaya.

Kafin hanyar tsauni ta toshe a wannan shekara, ta raba tumakinta tsakanin maƙwabta biyu, ta rufe gidan, ta kama ɗaki a Akureyri, tafiyar minti goma a ƙasa zuwa wurinsa. Ba ta ƙara jiran Alhamis ba. A idonsa, wata rana 'yar jarida ce, wata rana ƙanwarsa da ta rasu tun suna yara, wata rana ba kowa ba ce, sai ya yi mata godiya kawai in za ta tafi.

Littafin ya fito da bazara. Wasiƙun masu karatu suka yi ta zuwa, wasu na fushi, wani ma ya lissafo shafuka goma sha huɗu da suka saɓa. Takan karanta masa su da ƙarfi, ko yana ji ko ba ya ji. Wata safiya tana tsakiyar karanta wata doguwa daga wani malamin makaranta, ya katse ta.

"Hallbera, kin rame. Wa ke ba tumaki abinci?"

Ta ajiye wasiƙar a hankali, kada ƙarar takarda ta kore shi.

"An samu mai ba su," in ji ta. "Matsa in zauna."