Irin Kuɓewar Baban Lantana

Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba. Kafin in kwanta na jiƙa irin kuɓewar da Baban Lantana ya bari rataye a madafa. Ina takaba ban waiwayi irin ba, ƙanensa Tanimu kuwa ya ce in irin ya mutu, gara a ba masu tumatir lambun marigayin. Marigayi ya koya min cewa in an jiƙa iri, wanda ya nutse a ruwa shi ne mai rai, wanda ya taso fanko ne. Na rufe kwanon da faifai, na kasa leƙawa.

Sai ga ni a bakin lambu da hantsi, sanyi kamar zai cire kunne. Awakin unguwa da suka saba cinye mana darni, su ne ke ɗaure shi da sabon kara. Wata baƙar akuya mai tabarau tana zaune bisa turmi, ta ce ba a shiga sai an faɗi sunan mai lambu. Na ce shekara talatin da ɗaya ban kama sunansa ba, ba kuwa a gaban akuya zan fara ba. Ta buga min hatimi a goshi da kofato, ta ce na ci.

A ciki, ruwan sama daga ƙasa yake tashi, sai da na kife tulu sannan ya cika. Taki ne ya ɗauko jakuna a bayansa, ya sauke su a bakin fangali. Bishiyar gwaba ta miƙo min wuƙa, ta roƙe ni in rage mata busassun rassa kafin zafi ya shigo. Na yanke, ta yi ajiyar zuciya.

Tanimu yana cikin kwando, ya zama tumatir, da hularsa a kai. Ya ce, "Matar yaya, wannan fa ba aikin mace ba ne."

Na ce, "Rufe min baki, kada in jajjaga ka a miya."

Na je yashe rijiya, sai na hango Baban Lantana can ƙasa, zaune a busasshen wuri, da tsohon kwat ɗinsa, yana wasa fartanya. Babu tarin nan da ya yi fama da shi, kumatunsa sun ciko. Ko gaisuwa bai bari na gama ba ya fara faɗa, wai fangalina ya karkace, ruwa ba zai kai ƙarshe ba. Na tambaye shi me ya hana shi haurowa, ga igiya.

Ya ce, "Haba, Uwar Lantana. Me na koya miki? Wanda ya nutse ai shi ne mai rai."

Ya cillo min fartanyar. Sara uku na yi, fangali ya miƙe sambal. Na watsa iri, kafin in ɗago kuɓewa ta wuce kaina, ta wuce giginya, ta tokare gajimare. Awaki suka ɗauki guɗa. Baƙar akuya ta hau turmi ta yi shela cewa lambu nawa ne, Tanimu ya gangara ƙarƙashin kwando ya ɓuya.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na farka, ashe kaza ce ke tsattsagar faifan da na rufe kwano. Na kore ta, na yi bisimilla, na buɗe. Ƙwaya uku ne kawai a saman ruwa, sauran duk suna ƙasa, sun kumbura. Na tsame ukun na watsa wa kazar, na ɗauko fartanyarsa daga bayan ƙofa.